Sanarwar turawa a wayoyin hannu

Sanarwar turawa, wadda masu amfani da waya suka fi sani da notifikeshan, gajeren saƙo ne da ke fitowa a allon waya daga wata manhaja ba tare da mai wayar ya buɗe manhajar ba. Saƙon WhatsApp da ke leƙowa a saman allo, labarin da gidan jarida ke aikowa da zarar wani abu ya faru, da sanarwar shigar kuɗi daga manhajar banki duk misalanta ne. Ta bambanta da saƙon tes na SMS, wanda ke bi ta layin kamfanin sadarwa zuwa lambar waya, domin ita ta intanet take bi zuwa wata lambar shaida da aka ba manhajar a kan wannan na'ura. Haka kuma ta bambanta da sanarwar da manhaja ke tsara wa kanta a cikin waya, kamar ƙararrawar tashi daga barci, wadda ba ta buƙatar wata sabar daga waje.

Kamfanin da ya mallaki manhaja ba ya kai sanarwa cikin waya da kansa. Yana miƙa ta ne ga mai tsarin aikin wayar, galibi Apple ko Google, shi kuma ya ƙarasa da ita. Saboda haka mai aikawa ba ya ganin abin da ya faru bayan saƙo ya bar hannunsa, sai ɗan bayanin da aka dawo masa da shi. Da wannan ɗan bayani ake binciken dalilin da ya hana sanarwa isa, kuma da shi kamfanoni ke ƙoƙarin gane ko mutum ya goge manhajarsu daga wayarsa.

Tarihi

A farkon shekarun 2000, kamfanin Research In Motion na Kanada, mai wayoyin BlackBerry, ya yi suna da tsarin da ke kawo imel cikin waya da zarar ya iso. Hanyar da aka saba da ita ita ce manhaja ta riƙa tambayar sabar lokaci-lokaci ko akwai sabon abu, kuma hakan na cin batir da data ko da babu abin da ya shigo.

Apple ya sanar da nasa tsarin, Apple Push Notification service, wanda ake taƙaitawa APNs, a watan Yunin 2008, amma bai fara aiki ba sai Yunin 2009 tare da iPhone OS 3.0. A lokacin iPhone ba ta barin manhajojin wasu kamfanoni su ci gaba da aiki bayan an fita daga cikinsu, don haka sanarwar turawa ce kaɗai hanyar da za su jawo hankalin mai waya. Da farko girman saƙo bai wuce bait 256 ba. An ƙara shi zuwa kilobait 2 a iOS 8 a shekarar 2014, daga baya ya kai kilobait 4 a sabuwar hanyar aikawa da ke amfani da HTTP/2. An rufe tsohuwar hanyar a ranar 31 ga Maris 2021.

Google ya fara da Android Cloud to Device Messaging a shekarar 2010 tare da Android 2.2, sannan ya maye gurbinsa da Google Cloud Messaging a 2012. Bayan ya sayi kamfanin Firebase a 2014, ya fitar da Firebase Cloud Messaging, wato FCM, a 2016. An rufe Google Cloud Messaging a watan Mayun 2019, an kuma rufe tsofaffin hanyoyin aikawa na FCM a 2024. Waɗannan ranaku na da amfani ga mai gyara, domin darussa da yawa da ke yawo a intanet har yanzu suna koyar da hanyoyin da aka riga aka rufe.

Shafukan intanet ma na iya aika sanarwa ta birawuza. Chrome ya fara karɓar irinta a 2015, an fitar da ƙa'idarta mai lamba RFC 8030 a Disamban 2016, amma iPhone ba ta yarda da ita ba sai a iOS 16.4 a Maris 2023, shi ma sai ga shafukan da aka ɗora a fuskar allo. A ƙasar Sin, inda ayyukan Google ba sa aiki, masu ƙera waya irin su Xiaomi da OPPO da vivo kowanne yana da nasa tsarin. Sababbin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da ayyukan Google, suna amfani da Push Kit na Huawei.

Yadda saƙo ke tafiya

Ɓangarori huɗu ne ke da hannu: manhajar da ke cikin waya, tsarin aikin wayar, sabar ta Apple ko Google, da sabar mai manhaja. Idan aka buɗe manhaja a karon farko, tana neman rajista, sai a ba ta wata doguwar lambar shaida wadda ta keɓanta da wannan manhaja a wannan na'ura. Manhajar ta aika lambar zuwa sabar mai ita, a ajiye ta kusa da bayanan mai asusu. Duk lokacin da ake son aika sanarwa, sabar mai manhaja ta haɗa saƙon da lambar ta miƙa wa APNs ko FCM, tare da shaidar cewa ita ce ke da ikon aika wa wannan manhaja.

Waya tana riƙe layi guda ɗaya a buɗe tsakaninta da sabar Apple ko Google, kuma duk sanarwar manhajoji ta wannan layi take shigowa. Sirrin tanadin batir ke nan: maimakon manhaja hamsin kowacce ta riƙe nata layin, ɗaya ya wadatar. iPhone na amfani da ƙofar sadarwa mai lamba 5223, ta koma 443 idan an toshe ta. Android na amfani da 5228 zuwa 5230, kuma ayyukan Google Play ne ke riƙe layin.

Lambar shaida ba ta dindindin ba ce. Tana canzawa idan an goge manhaja an sake saka ta, idan an share bayananta a Android, ko idan an mayar da ajiyar tsohuwar waya cikin sabuwa. Shi ya sa ake so manhaja ta riƙa duba lambarta duk lokacin da aka buɗe ta, ta sanar da sabar idan ta canza.

Saƙo iri biyu ne. Akwai wanda ake gani, mai take da rubutu da sauti. Akwai kuma na shiru, wanda ba ya nuna komai, aikinsa kawai ya tayar da manhaja na ɗan lokaci ta ɗauko sababbin bayanai. A iPhone ana yi masa alama da content-available, kuma Apple yana ba da shawarar kada a wuce biyu ko uku a cikin awa ɗaya, yana kuma iya jinkirta shi ko ya yar da shi gaba ɗaya. A FCM, saƙon da aka tsara don nunawa tsarin Android ne ke fito da shi idan manhaja tana rufe, amma idan tana buɗe sai a miƙa mata ta yi yadda ta ga dama da shi. Saƙon da ke ɗauke da bayanai zalla kuwa kullum hannun manhaja yake zuwa.

Idan waya ba ta kan intanet, ana ajiye saƙo a jira ta. FCM na iya ajiye shi har mako huɗu, sai dai idan saƙonnin da ke jiran manhaja ɗaya suka haura 100, ana zubar da su duka a gaya wa manhajar ta je ta tambayi sabarta abin da ya wuce ta. APNs kuwa na ƙarshe kaɗai yake ajiye wa kowace manhaja, sabo ya ture tsoho. Mutumin da ke kashe data yawancin yini don ta yi masa auki zai ga bambancin: a Android sanarwa na iya tururuwa a tare da zarar ya kunna, a iPhone kuma wasu ba za su taɓa fitowa ba.

Binciken matsala

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ma'anar amsar nasara. Idan APNs ko FCM suka dawo da lamba 200, abin da suke nufi shi ne sun karɓi saƙon, ba su ce ya isa waya ba, balle a ce an gan shi. Kamfanonin biyu sun bayyana cewa iya ƙoƙari suke yi, ba su ɗauki alƙawarin isarwa ba. Don haka ana bin hanyar saƙon daki-daki: shin sabar ta aika, shin an karɓa, shin waya na kan layi, shin tsarin aiki ya miƙa wa manhaja, shin an bari ta nuna.

A ɓangaren sabar, amsar da aka dawo da ita kan faɗi matsalar. Kuskuren da ya fi damun sababbin masu haɗa manhajar iPhone shi ne BadDeviceToken. Apple yana da muhalli biyu, na gwaji da na ainihi, kuma lambar da aka samu a ɗaya ba ta aiki a ɗayan. Manhajar da aka ɗora kai-tsaye daga Xcode lokacin haɗa ta tana samun lambar gwaji, wadda aka sauke daga TestFlight ko App Store kuma tana samun ta ainihi. Sau da yawa idan aka ce sanarwa na aiki a wayar mai haɗawa amma ba ta aiki a ta jama'a, nan matsalar take. DeviceTokenNotForTopic na nufin lambar ta wata manhaja ce daban. Takardar shaidar da Apple ke bayarwa don aikawa tana ƙarewa bayan kimanin shekara ɗaya, kuma idan aka manta ba a sabunta ba, sanarwa na tsayawa cak a rana guda ba tare da an taɓa komai ba. Wannan ya sa da yawa suka koma amfani da mabuɗin sa hannu wanda ba ya ƙarewa, ko da yake shaidar da ake ƙirƙira da shi dole a sabunta ta kafin ta cika awa ɗaya, in ba haka ba a samu ExpiredProviderToken.

A FCM, SENDER_ID_MISMATCH na nufin an yi wa manhajar rajista a wani aikin Firebase, ana kuma aikawa daga wani. THIRD_PARTY_AUTH_ERROR kan fito ne idan ana aika wa iPhone ta hanyar FCM, shaidar Apple da aka ɗora kuma ta lalace ko ta ƙare. QUOTA_EXCEEDED na nufin an wuce adadin da aka yarda, UNAVAILABLE kuma cunkoso ne na ɗan lokaci, wanda maganinsa shi ne a sake gwadawa ana ƙara tazara tsakanin kowane gwaji. Hanya mafi sauri ta raba gardama ita ce a ɗauki lambar waya ɗaya a aika mata saƙon gwaji daga shafin Firebase, ko daga Push Notifications Console da Apple ya fitar a 2023. Idan saƙon gwaji ya isa, laifin na sabar mai manhaja ne. Idan bai isa ba, sai a koma kan wayar.

Matsalar layi tana da alamarta: sanarwa na zuwa a kan data amma ba ta zuwa a Wi-Fi na ofis ko makaranta, domin katangar tsaron wurin ta toshe ƙofofin da aka ambata. Kwanan wata da agogon waya idan sun karkace sosai su ma suna hana waya amincewa da sabar. A wayoyin Android da dama, idan aka danna *#*#426#*#* a wurin kira, wani shafi zai buɗe ya nuna ko layin FCM na haɗe da kuma saƙonnin da suka shigo kwanan nan.

Mafi yawan wuraren da sanarwa ke maƙalewa a cikin wayar kanta suke. iPhone tun farko tana neman izinin mai waya, kuma sau ɗaya tak tsarin ke yin tambayar. Idan ya ƙi, sai ya shiga saituna da kansa ya kunna. Android ta daɗe tana ba da izinin ba tare da tambaya ba, sai a Android 13 a shekarar 2022 ta fara tambaya, abin da ya sa manhajojin da ba a sabunta ba suka wayi gari wasu masu amfani ba sa ganin saƙonsu. Tun Android 8.0 a 2017, kowace sanarwa dole ta kasance ƙarƙashin wani rukuni da manhaja ta ƙirƙira, mai waya kuma na iya kashe rukuni ɗaya ya bar sauran, misali ya kashe na talla ya bar na saƙonni. Ga kuma yanayin kar a dame ni, da Focus da taƙaitawar sanarwa da iOS 15 ta kawo a 2021, wadda ke tara saƙonnin da ba na gaggawa ba ta nuna su a lokacin da aka zaɓa. A iPhone, idan manhaja tana buɗe a gaban mutum, sanarwarta ba ta fitowa sai manhajar ta nemi a nuna, kuma wannan kan ruɗi masu gwaji.

Sai maganar batir. Android 6.0 ta zo da Doze a 2015, yanayin da waya ke shiga idan an ajiye ta ba a taɓa ba, inda ake jinkirta saƙonni masu matsakaicin muhimmanci har sai wayar ta ɗan farka. Saƙon da aka yi wa alamar babban muhimmanci yana iya tayar da ita nan take, amma idan manhaja ta riƙa amfani da alamar ba tare da nuna wa mutum komai ba, Google na rage mata matsayi. Idan mai waya ya tilasta tsayar da manhaja daga saituna, ba za ta sake karɓar komai ba sai an buɗe ta da hannu. A iPhone ma, manhajar da mutum ya share da yatsa daga jerin waɗanda ke buɗe ba ta karɓar saƙon shiru sai ya sake buɗe ta, ko da yake wanda ake gani yana ci gaba da zuwa.

Wasu masu ƙera wayar Android sun ƙara nasu tsarin tanadin batir wanda ya fi na Google tsanani, har share manhaja daga jerin waɗanda ke buɗe kan zama kamar tilasta tsayar da ita. Shafin Don't Kill My App yana tattara bayanai kan wannan, kuma cikin kamfanonin da ya lissafa akwai Huawei da Xiaomi da OnePlus da Samsung da Tecno. Abin ya shafi masu haɗa manhaja don kasuwannin Najeriya da Nijar, inda wayoyin kamfanin Transsion, wato Tecno da Infinix da itel, suka yawaita. Manhajar da aka gwada a wayar Pixel kaɗai ba a gwada ta a irin wayar da ke hannun masu amfani da ita ba. Gyaran da aka saba shi ne a shiga saitunan batir a cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, a kuma ba ta izinin tashi da kanta.

Gano cewa an goge manhaja

Babu wata sanarwa da manhaja ke samu lokacin da ake goge ta. Android na sanar da wasu manhajojin da ke cikin wayar cewa an cire wata, amma ita wadda ake cirewa ba a gaya mata, ba a kuma ba ta damar aika saƙon ban kwana. iOS ba ta faɗa wa kowa. Saboda haka abin da kamfanoni ke kira gano goge manhaja hasashe ne da ake yi daga mutuwar lambar shaida.

A Android abin yana tafiya kamar haka. Mutum ya goge manhaja, amma FCM bai sani ba tukuna. Sabar mai manhaja ta aika saƙo, FCM ya karɓa ya dawo da amsar nasara, ya tura wa wayar. Ayyukan Google Play da ke cikin wayar suka nemi manhajar ba su same ta ba, sai su sanar da FCM, shi kuma ya yi wa lambar alamar sokewa. Sai a saƙon da ya biyo baya ne za a dawo da UNREGISTERED mai lamba 404, wanda a tsohuwar hanya ake kira NotRegistered. Wato saƙon farko bayan gogewa kusan kullum yana kama da wanda ya yi nasara, kuma duk wannan ba zai faru ba sai wayar ta hau intanet.

A iPhone, APNs na dawo da lamba 410 da kalmar Unregistered, tare da lokacin da ya tabbatar lambar ta daina aiki. A tsohon tsari akwai wata sabar daban da ake zuwa a karɓo jerin lambobin da suka mutu, kuma tana da wani gurbi sananne: idan manhajar da aka goge ita ce ta ƙarshe mai amfani da sanarwa a wayar, layin kan yanke, labarin kuma ba zai isa ba. A tsarin yanzu, amsar 410 ba ta zuwa nan take, tana iya ɗaukar kwanaki da dama ana ta dawo da 200. Injiniyoyin Apple masu taimaka wa masu haɗa manhaja sun bayyana cewa da gangan aka bar lokacin ba tsayayye ba, don kada a yi amfani da amsar wajen bibiyar wanda ya goge manhaja.

Kamfanonin ƙididdigar manhaja sun gina sana'a a kan wannan. Suna aika saƙon shiru ga duk lambobin da ke hannunsu, galibi sau ɗaya a rana, duk wadda ta dawo a mace su rubuta ta cikin waɗanda suka goge. Ba sa buƙatar izinin nuna sanarwa kafin su yi haka, domin ko a iPhone manhaja na iya samun lambar shaida da saƙon shiru ba tare da an tambayi mai waya ba.

Lissafin da ake samu ta wannan hanya yana da kurakurai ta fuska biyu. Lamba na iya mutuwa alhali manhaja na nan: idan manhajar da kanta ta soke lambar lokacin da mutum ya fita daga asusunsa, idan an share bayananta, idan an sabunta lambar sabar ba ta samu labari ba, ko idan wayar Android ta yi kwana 270 ba ta tuntuɓi FCM ba, domin a nan ne ake ɗaukar lambar ta ƙare. Wanda ya goge manhaja don ya samu wurin ajiye bidiyo, ya sake saka ta bayan awa ɗaya, zai fito a lissafi sau biyu, a matsayin wanda ya tafi da kuma sabon shiga, sai dai idan an haɗa lambobin biyu da asusu ɗaya. A ɗaya fuskar kuma, wayar da aka sace, ta faɗa ruwa, ko aka jefa ta a aljihun tebur ba za ta taɓa kai rahoton komai ba, lambarta za ta ci gaba da karɓar amsar nasara tsawon watanni. Haka wanda ya kashe sanarwa kawai, lambarsa na nan da rai, saƙo na shiga, ba ya ganin komai.

Ranar da ake rubutawa ma ranar ganowa ce. A ce mutum ya goge manhaja ranar Litinin datarsa a kashe, ya kunna ranar Laraba, saƙon shirun da ke jira ya isa ya tarar babu manhaja. Sai a aiken ranar Alhamis ne amsar kuskure za ta dawo. Kamfanin da ya fitar da sabon salo ranar Laraba, ya ga gogewa ta ƙaru ranar Alhamis, zai iya ɗora laifin a kan sabon salon da mutumin bai taɓa gani ba. Lokacin da APNs ke haɗowa da amsar 410 yana da wani amfani na daban: a kwatanta shi da lokacin da manhaja ta yi rajistar ƙarshe, domin idan rajistar ta zo bayansa, lambar ta dawo aiki, bai kamata a share ta ba.

Akwai kuma yanayin da ke tsakanin zama da tafiya. Tun iOS 11 a 2017, iPhone na iya sauke manhajar da ba a amfani da ita ta bar bayananta da hotonta a allo. Android 12 na sa manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba ta shiga dogon barci, inda ba ta karɓar sanarwa ko da mai babban muhimmanci ce, Android 15 kuma ta kawo adana manhaja irin na iPhone. Ko za a lissafa waɗannan cikin gogewa, ya danganta da abin da mai lissafin ke son sani.

Akwai wasu majiyoyin da ba su dogara da sanarwa ba. Google Analytics na Firebase yana da alamar app_remove wadda ke aiki a Android kaɗai. Google Play Console na nuna yawan waɗanda suka cire manhaja, App Store Connect kuma na nuna gogewa daga masu iPhone da suka yarda a raba bayanansu da masu haɗa manhaja kawai. Waɗannan na shagunan biyu jimilla ce, ba sa faɗin sunan kowa, kuma ba kasafai suke daidai da juna ko da lissafin saƙon shiru ba, tunda kowanne abin da yake aunawa daban. Amfanin da babu gardama a kansa shi ne tsabtace rumbun bayanai. Firebase na ba da shawarar a ajiye kowace lamba tare da ranar da aka sabunta ta, a share wadda ta dawo da UNREGISTERED, a kuma daina aika wa wadda ta daɗe ba ta motsa ba. Rashin yin haka na sa kamfani ya ga kamar kaso kaɗan ne na saƙonninsa ke isa, alhali yawancin waɗanda yake aika wa wayoyi ne da ba sa aiki.

Batun sirri

A watan Oktoban 2018, mujallar Bloomberg Businessweek ta buga rahoto kan bibiyar masu goge manhaja, inda ta ambaci Adjust da AppsFlyer da MoEngage da Localytics da CleverTap cikin kamfanonin da ke sayar da wannan aiki. Abin da ya jawo suka shi ne haɗa lambar da ta mutu da lambar talla ta wayar, ta yadda mutumin da ya goge manhaja zai fara cin karo da tallarta a wasu wurare tana kiransa ya dawo. Masu sukar sun ce an yi saƙon shiru ne don sabunta bayanai, ba don leƙen mai waya ba. Tun iOS 14.5 a Afrilun 2021, manhaja ba ta samun lambar talla ta iPhone sai mai wayar ya amince, abin da ya rage ƙarfin wannan dabara a can. Kafin haka, jaridar New York Times ta ruwaito a 2017 cewa shugaban Apple, Tim Cook, ya kira Travis Kalanick na Uber a 2015 ya gargaɗe shi, bayan an gano manhajar Uber na yi wa wayoyin iPhone alamar da ke gane su ko bayan an goge manhajar. Uber ya ce don yaƙi da zamba ya yi hakan.

Tunda kowace sanarwa ta hannun Apple ko Google take bi, kamfanonin biyu na riƙe da bayanin wace manhaja ta aika wa wace na'ura da kuma lokacin, har da rubutun saƙon idan ba a ɓoye shi ba. A Disamban 2023, Sanata Ron Wyden na Amurka ya rubuta wa ma'aikatar shari'ar ƙasar cewa wasu gwamnatoci na neman irin waɗannan bayanai daga kamfanonin. Apple ya tabbatar da hakan, daga bisani ya canza ƙa'idarsa ta yadda sai da umarnin alƙali zai miƙa su. Wasu manhajojin saƙo, kamar Signal, ba sa saka rubutun saƙo ko sunan mai aikawa a cikin sanarwar da ke bi ta Apple ko Google. Suna aika alama ce kawai da ke tayar da manhaja, ita kuma ta ɗauko saƙon ta buɗe shi a cikin wayar kafin ta nuna a allo.